Dashen ɓargo: me ya sa masu sankarar jini daga Afirka ke daɗewa suna jiran mai ba su?

Ranar Asabar ta uku ta watan Satumba ce ake kira ranar masu ba da ɓargo ta duniya. A Faransa, hukumar Agence de la biomédecine na kiran matasa masu shekaru 18 zuwa 35 su yi rajista, kuma tana ƙara matsa kira ga maza da kuma waɗanda asalinsu ya fito daga Afirka. Wannan kira ya shafi ƴan Nijar mazauna can kai tsaye.

A cikin ɓargo ne jiki ke ƙera jini. Idan sankarar jini ta kama mutum, ɓargon ne ke lalacewa, kuma wasu majinyatan ba su da mafita sai an kashe nasu da magani an dasa musu na wani. Sai dai ba kowane ɓargo jiki ke karɓa ba. Akwai wasu alamomi a jikin ƙwayoyin halitta, likitoci na ce musu HLA, waɗanda ake gada rabi daga uwa rabi daga uba. Tsakanin shaƙiƙai, damar dacewa ɗaya ce cikin 4. Tsakanin baƙi biyu kuwa, hukumar ta Faransa ta ƙiyasta ta da ɗaya cikin miliyan.

Rajistocin duniya na ɗauke da sunaye sama da miliyan 40, amma akasarinsu Turawa ne, alhali ƴan Afirka sun fi kowa yawan bambancin HLA. Rajistar Amurka ta taɓa fitar da alƙaluma masu tayar da hankali: farar fata na da damar kashi 79 cikin ɗari ta samun wanda ya dace da shi, baƙar fata kashi 29 kawai. Yaron da iyayensa suka fito daga Tawa ko Damagaram, ko da a Paris yake kwance, mai ceton nasa ya fi yiwuwa ya fito daga cikin danginsa na asali.

Tsoro na hana wasu. A Faransanci sunan ɓargo da na laka sun yi kama, har mutane na zaton za a taɓa musu lakar baya su shanye. Bahaushe bai da wannan ruɗani, ɓargo daban laka daban. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu bayarwa a Faransa ta jijiyar hannu ake ɗiba, cikin kamar awa 4, bayan an yi musu allurai na ƴan kwanaki. Sauran kuma daga ƙashin ƙugu ake zuƙa bayan an sa su barci, kuma ɓargon na mayar da kansa cikin makonni.

A nahiyar Afirka aikin na tafiyar hawainiya. Afirka ta Kudu ta buɗe rajistarta a 1991. Nijeriya ta yi dashenta na farko a 2011 a asibitin koyarwa na jami'ar Benin, ga wani yaro mai cutar emasi, sannan ta buɗe rajista a Enugu a 2012.

Ga mai jinya a Maradi ko Yamai, rajista ba ita ce matsalar farko ba. Yawan haihuwa ma ya ba shi wata dama da Bature bai da ita: mai shaƙiƙai 5 na da kusan kashi 76 cikin ɗari na samun wanda ya dace a gida. Amma uwa ɗaya uba ɗaya ake nufi, ƴan uba ba su shiga wannan lissafi, abin da ke da muhimmanci a gidajen mata da yawa. Cikas ɗin shi ne gwajin HLA, da kuɗin fita waje da ke kai miliyoyin sefa, da kuma jinin da ake ta ƙara wa majinyaci kafin a kai ga maganar dashe. Wannan jinin, har yanzu galibi dangi ake bi gida-gida kafin a samu leda guda.