Kuɗin Masara Ba Su Da Takardar Haihuwa

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Dandume a lokacin kaka ya san ba masara da dawa da waken soya kaɗai ke cika motoci ba. Tsabar kuɗi ma tafiya suke yi, a jaka da buhu da aljihun 'yar shara. Manomin da ya fito daga ƙauye da buhu ashirin yana son ya ƙirga abinsa a hannu kafin la'asar, kuma yana da dalili. A watan Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Dandume da Funtuwa da Malumfashi, sannan a farkon 2023 canjin kuɗi ya nuna wa mutane cewa abin da ke banki ba kullum yake zama naka ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Abin da yawancin 'yan kasuwarmu ba su sani ba shi ne, doka ta ba gwamnati damar mallake kuɗin mutum ba tare da an tuhume shi da laifi ba. Sashe na 17 na dokar yaƙi da damfara ta 2006 ya ba hukumar EFCC ikon zuwa babbar kotu ita kaɗai, ta ce tana zargin wata dukiya ta fito daga haramtacciyar hanya. Idan alƙali ya gamsu, sai ya ba da umarnin riƙe ta na wucin gadi, a buga sanarwa. Bayan kwana 14, ko wa'adin da kotu ta yanka, in ba wanda ya zo da gamsasshen bayani, dukiyar ta zama ta gwamnati. A 2019 Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin sashen a shari'ar Patience Jonathan, kuma a 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wata doka da ta ƙara faɗaɗa wannan hanya.

Ba na cikin masu cewa a soke dokar. Da ita aka mallake sama da dala miliyan 43 da aka samu a wani gida a Ikoyi ta Legas a watan Afrilun 2017, cikin wata biyu kacal. Ɓarawon gwamnati yakan ɓoye dukiya da sunan direba ko suruki, ya ja shari'a shekara goma. In an ce sai an ɗaure shi kafin a taɓa kuɗin, talaka ba zai ga ko sisi ba.

Sai dai wuƙar da aka wasa domin sa, ita ce ke iya yanke yatsan yaro. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake zargi marar laifi ne har sai an tabbatar, kuma a fiƙihun da muka tashi a kai, hujja tana kan mai da'awa. A nan kuwa an juya taiki: mai kuɗi ne zai nuna inda ya same su. Babban ma'aikaci yana da takardar albashi da akanta. Dillalin da ya tattaro jarin mutum takwas don ya sayo masara fa? Shaidarsa amana ce da kalmar baki. Ga kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022, wadda ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, alhali kuɗin ba su kai na tirela guda ta masara ba. Ke nan cinikin da aka gada kaka da kakanni yana iya zama abin zargi.

A duba abin da ya sami Andrew Yakubu, tsohon shugaban kamfanin mai na NNPC. A Fabrairun 2017 aka kwashe kusan dala miliyan 9.8 daga wani gidansa a Sabon Tasha ta Kaduna. Sai a Maris 2022 kotu ta wanke shi, ta ce a mayar masa. Shekara biyar, ga mutumin da ke da manyan lauyoyi. Ɗan kasuwar da aka riƙe wa jari mako biyar ya rasa kakar bana, ya rasa amanar masu kuɗi, wataƙila har gonar gado. A Amurka ma, binciken jaridar Washington Post na 2014 ya gano an karɓe sama da dala biliyan 2.5 daga mutanen da ba a tuhuma ba, kuma kaɗan ne suka iya bin kadinsu.

Akwai abin da ya kamata kowane mai tafiya da kuɗi ya riƙe: kotu ce kaɗai ke mallaka wa gwamnati dukiya. Jami'in da ke shingen hanya, ko da yana zargin kuɗin fansa ne ko na masu kai wa 'yan bindiga kaya, iyakarsa ya riƙe, ya rubuta, ya kai gaba. Wanda ya karɓa bai rubuta ba, ba doka ya bi ba.

Don haka muna kira ga wakilanmu a Majalisar Tarayya su nemi gyara uku. A wajabta ba da rasit mai ɗauke da adadin kuɗi da sunan jami'i a wurin da aka kama. A riƙa sanarwa da Hausa a rediyo da ta bakin shugabannin kasuwa, domin sanarwar Turanci a jaridar Legas ba ta isa Mahuta. A kuma fayyace cewa littafin dillali da shaidar abokan ciniki hujja ce karɓaɓɓiya.

Su ma ƙungiyoyin 'yan hatsi su buga rasit mai hatimi, su koya wa mambobinsu ajiye takardar cire kuɗi daga banki da rubuta sunan duk wanda ya ba da jari. Rigakafi ya fi magani, kuma littafin naira ɗari biyar ya fi kuɗin lauya sauƙi.