Zare: Wanda ya ɗora maka manhaja, shi za ka tambaya 🧵

1/ Jiya a gurup ɗin ajinmu wani ya cika mu da zagin masu wata buɗaɗɗiyar manhaja, wai ta ƙi tashi a kwamfutarsa kuma sun ƙi kula shi. Na ce daga ina ka sauke? Ya ce wani ne ya ɗora masa da umarnin da ya kwafo a bidiyo. Haba malam!

2/ Tela ya ɓata maka ɗinki, sai ka wuce Kantin Kwari ka shaƙe mai shadda? Abin da muke yi ke nan wallahi.

3/ Masu rubuta manhaja daban, masu naɗe ta su raba daban. Mai naɗewar yana iya canza saiti, ya cire wani sashe, ko ya ba ka sigar da ta kwana biyu. Ainihin marubutan ba su san abin da ke cikin injinka ba, ta yaya za su gyara?

4/ Ba yau aka fara ba. A 2016 Jamie Zawinski, mai XScreenSaver, ya nemi Debian su daina raba manhajarsa, don tsohuwar siga suke bayarwa, mutane kuma na ta kawo masa ƙorafin kurakuran da ya gyara tuntuni.

5/ A Fabrairun 2025 masu OBS Studio har barazanar shari'a suka yi wa Fedora kan kunshin Flatpak ɗin da Fedora ta haɗa da kanta. Yana ba da matsala, jama'a na zaton na asali ne, ƙorafi na sauka kan OBS. Daga baya dai sun sasanta.

6/ Haka ɗan Manjaro zai je wajen 'yan Arch neman taimako, a sallame shi, ya ce girman kai ne. Manjaro na riƙe kunshi na wani lokaci kafin ta saki, sigoginku ba ɗaya ba ne, bawan Allah.

7/ Na san za a ce sabon shiga ina ya san wannan? Gaskiya ne, ni ma na sha kunyar a aji ɗaya. Kuma masu naɗewa na da nasu laifin, da yawa ba sa rubuta ɓaro-ɓaro cewa nasu ba na asali ba ne. Amma rashin saninka bai zama bashi a kan mutumin da ke amsa tambaya kyauta bayan ya taso aiki ba.

8/ Dubawar ma ba wuya. A Ubuntu ko Debian, apt policy da sunan kunshin zai nuna maka ma'ajiyar da ya fito. In Flatpak ne, flatpak info. In WordPress ne da kamfanin da ka kama wa haya ya ɗora da Softaculous, su ka fara bugawa, kuɗinka suka ci.

9/ In ka cire, ka ɗora ta asali yadda marubutan suka ce, matsalar na nan, to yanzu kana da bakin magana. Kai musu da lambar siga da saƙon kuskuren.

10/ Mutumin namu dai har yanzu bai tuno sunan mai bidiyon ba 😂