Kano Na Buƙatar Ƙungiyar Masu Auna Ruwan Sama

Da Agusta ta kama, magudanun Sharada, Challawa da Bompai kan cika, ma'aikata su maƙale a hanya, kaya su jiƙe a sito. Hasashen NiMet na Kano ne baki ɗaya, alhali ana iya tafka ruwa a Challawa, Bompai ko ɗigo babu.

A Amurka, bayan ambaliyar Fort Collins ta 1997, an kafa CoCoRaHS a 1998. 'Yan sa-kai ne ke auna ruwa a gidajensu kowace safiya, su tura adadin ta intanet.

Matasan Kano ma za su iya. Ma'aunin ruwa, waya da zauren WhatsApp sun wadatar. Alƙaluman damina guda za su nuna magudanar da ya kamata a fara yashewa.