Waya Tana Kai Kuɗi, Amma Ba Ta Tsayawa Lamuni

Akwai maganar da ya kamata mu zauna a kanta kafin kakar Babbar Salla, lokacin da bashi ke yawa a kara.

Kowa ya san saniya ba ta tashi daga Pouytenga ko Fada N'Gourma ta isa hannun mahauci a Kumasi ta hannun mutum guda. Akwai Bafulatanin da ya yi kiwonta, da dillalin da ya ƙulla ciniki, da direban tirela, da yaran da ke kwana cikin mota tare da shanu, da wanda ya san kan takardun kwastan da na likitan dabbobi a iyakar Paga. Sannan ga maigidan da ke sauke baƙo a nan Tamale, ko Kumasi, ko Tulaku ta Ashaiman. Wannan igiya ta mutane ita ce jarinmu na gaskiya.

Ba yau aka kitsa ta ba. Kakanninmu da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sayen goro, a gidajen masu gida suke sauka a Salga. Da yaƙin 1892 ya watsa Salga, mutane suka bazu zuwa Yeji da Kete Krachi da Kintampo, kowa ya tafi da amanarsa, ciniki bai mutu ba. Haka ma a 1969 da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, an yi asarar gidaje da dukiya, amma sanayya ta saura, da ita aka sake ɗaura fatauci.

To yanzu ga wata igiyar ta zo, wato waya. Ba mu raina ta ba, wallahi. Tun da MTN ta kawo MoMo a 2009, an rage ɗaure kuɗi a ƙugu ana bin hanyar Buipe zuwa Kintampo cikin dare da fargabar 'yan fashi. Kana zaune a Tamale kana jin farashin Kumasi kafin ka yi lodi. Wannan alheri ne.

Matsalar ita ce samarinmu sun fara ganin maigida ba shi da sauran amfani. Sai a tura hoton shanu ta WhatsApp, mahaucin da ba a taɓa gani ido da ido ba ya ce a kawo, zai biya ta MoMo in ya sayar da nama. Mako biyu, layi ya daina shiga. Wa za ka kama? A da, maigida ne ke tsayawa lamuni. Ya san mahaucin, ya san teburinsa, ya san Sarkin Fawansa, in kuɗi ya maƙale shi zai bi sawu don kare sunansa. An guje wa la'ada kaɗan, an yi asarar shanu goma. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan.

Za a ce ai wasu masu gidan ma suna ɓoye farashi su ci baƙo. Gaskiya ne. Amma a nan ne waya ta yi rana, don yau ba wanda zai ɓoye maka kasuwa. Maganin mugun maigida shi ne a sauya shi da na kirki.

Kuma ku dubi hanya. Tun 2022 'yan bindiga suka yi wa Djibo ƙawanya, sannan a ranar 29 ga Janairu 2025 Burkina da Mali da Nijar suka fice daga ECOWAS. A irin wannan hali, wanda zai ce maka "kada ka bi nan yau" mutum ne da ya san ka, ya ci abinci da kai. Waya tana isar da muryarsa ne kawai.

Shawararmu ga ƙungiya uku ce. Na ɗaya, a buɗe littafin sunayen masu gida da dillalan da aka amince da su a kowace kara. Na biyu, kada a ba da dabba bashi sai da mai lamuni da aka sani. Na uku, a rubuta kowane bashi da ranar biyansa a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta umarce mu tun kafin a san waya.

Allah ya tsare mana hanya, ya sa albarka a cinikinmu, amin.