Takardar Tuƙi ta Ƙasa da Ƙasa Ba Lasisi Ba Ce

Matafiya da yawa sun ɗauka cewa takardar izinin tuƙi ta ƙasa da ƙasa lasisi ce mai cin gashin kanta. Alhali fassarar lasisin gida ce kawai, ba ta aiki sai an haɗa su biyun. Kuma ba iri ɗaya ba ce: Japan tana karɓar ta yarjejeniyar Geneva ta 1949, amma ba ta karɓar ta Vienna ta 1968. Birtaniya kuwa tana barin baƙo ya yi tuƙi wata 12 da lasisin ƙasarsa. A ganina, wajibi ne mutum ya san dokar inda za shi kafin ya karɓi makullin mota, domin idan haɗari ya auku babu sahihin izini, kamfanin inshora yana iya ƙin biyan diyya.