Wai Jaz Namu Ne? To Wa Ya Zauna Ya Saurara?

Ƴan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauko biro wata gardama ce da ta tashi a fadarmu nan Maradi cikin hutun da ya wuce, kuma har yau ba ta kwanta ba. Daren nan wuta ta ɗauke, ana jiran shayi na biyu, sai na kunna "So What" na Miles Davis a salulata na jingina ta da butar ruwa. Ba a yi minti ɗaya ba shugaban fada ya ɗaga hannu ya ce: "Kai, wanga ai kiɗanmu ne! Bayi suka tafi da shi Amurka, turawa suka saka mishi kwat." Kowa ya ce haka ne. Aka shiga zancen Afirka uwar kiɗa, wani ya kawo Cheikh Anta Diop, wani ya kawo Fir'auna. Kiɗan minti tara ne da ƴan daƙiƙu. Ya ƙare babu wanda ya lura ya ƙare. Da na tambaya wane ne ya fara busa a cikin masu busan uku, sai aka yi mani dariya, wai na cika son harkar nasara.

To ni wannan magana ta "namu ne" ita nake son in yi faɗa da ita, don na gaji da jinta. A amfi an faɗe ta, a rediyo an faɗe ta, duk inda aka ambaci jaz sai wani ya tashi ya karɓi gado. Magana ce mai daɗin faɗi, ba ta cin ko dala, kuma da zarar ka faɗe ta ka huta da wahalar saurare. Mi za ka saurara a abin da ka riga ka mallaka?

Ban ce babu Afirka a ciki ba. Akwai ta. A "So What" ɗin ma, babbar garayar nan ta tsaye da ake kira kwantarbas ita ke jefa magana, piyano da masu busa su amsa mata da sauti biyu, kamar mawaƙi da ƴan amshi. Duk wanda ya tashi yana jin Shata zai gane wannan tsari nan take. Banjo da aka yi ta kaɗawa a farkon jaz dangin molo ne da gurumi. A birnin New Orleans akwai filin da ake kira Congo Square, inda bayi kan taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa. Duk wannan gaskiya ne, ba ni musu.

Amma dubi sauran kayan. Saksofon wani ɗan Beljiyam ne, Adolphe Sax, ya ƙera shi, ya yi masa rajista a 1846. Piyano daga Turai ya zo. Ƙahonin tagulla na ƴan badujalar soja ne. Waƙoƙin coci, kiɗan jana'iza, kiɗan gidajen rawa, bulus na masu noman auduga a gefen kogin Misisifi, duk sun shiga tukunyar. Wa ya dafa? Mutanen da aka raba da harsunansu da sunayen kakanninsu, suka yi ƙarni biyu da wani abu cikin bauta, aka ƴanta su a 1865, sannan aka sake ɗaure su da dokokin wariya kusan shekara ɗari. Su suka zauna da waɗannan kayan da ba nasu ba, suka tanƙwara su har suka yi magana da muryar da ba a taɓa ji ba, ba a Turai ba, ba kuma a nan ba. Idan ka ce "namu ne kawai ya dawo gida", ka share wannan aikin duka. Ka mayar da Louis Armstrong ɗan aike, wanda aka ba saƙo daga Gobir ya kai Cikago.

Kuma tunda tarihi muke so, mu faɗe shi duka. Bayin da Faransawa suka kai Luwiziyana yawancinsu daga yankin Sanagal da Gambiya ne. Inda tarihi ya fi ambaton Hausawa a ƙetaren teku shi ne Bahiya ta Burazil, inda suka shiga boren bayi musulmi na 1835. Sannan mutanen nan ba iska ta kwashe su zuwa bakin teku ba. An kama su, an sayar, kuma cikin masu kamawa da sayarwa akwai ƴan Afirka. Wannan ɓangaren ba a cika tada shi a fada ba. Wanda aka sayar da kakansa ya yi dukiya a baƙon wuri da gumin kansa, sai ga dangi sun taso da faranti wai a raba gado. Haba.

Bari in ba ku abin da ke cikin faifan da muka yi surutu a kansa. Kind of Blue an ɗauke shi a zama biyu, cikin Maris da Afrilu na 1959, ya fito ranar 17 ga Agusta. Kwana 8 bayan haka Miles Davis yana wasa a gidan kiɗa na Birdland a New York. Ya fito ya raka wata baturiya ta shiga tasi, ya tsaya shan iska a ƙofa. Ɗan sanda ya ce ya bar wurin. Ya nuna masa cewa a nan yake aiki, sunansa ne a allon ƙofa. Aka fasa masa kai da kulki, aka tafi da shi da jini a riga. Wannan shi ne mutumin da ya busa ƙahon da muka rufe da hirar Fir'auna. A Satumba 1963 aka dasa bam a wata cocin baƙar fata a Birmingham ta jihar Alabama, ƴan mata huɗu suka mutu. Wata biyu bayan nan John Coltrane ya shiga ɗakin ɗauka ya busa "Alabama". Babu kalma ko ɗaya a ciki. Ku saurare shi ku gaya mani ko makokin wa yake yi. Wannan ciwon yana da gari, yana da rana, yana da masu shi. Ba mu ba ne. Za mu iya tausayawa, za mu iya koyo, amma ba a kanmu kulkin ya sauka ba.

Na san abin da za a ce mani, don an riga an faɗa: ai su da kansu sun ce daga Afirka suke. Gaskiya ne, kuma haƙƙinsu ne. A 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai, Max Roach ya fitar da We Insist! tare da Abbey Lincoln da makaɗin Najeriya Babatunde Olatunji, Randy Weston kuma ya ɗauki Uhuru Afrika. Coltrane ya yi Africa/Brass a 1961. Armstrong ya sauka Akara a 1956 jama'a suka yi dafifi. Amma ku dubi yadda suka yi nasu neman dangin. Ba su tsaya a bakin titi suka ce "kalangu namu ne" ba. Weston tattarawa ya yi ya koma Maroko, ya zauna shekaru da makaɗan Ginawa.

Wanda ya fi ba ni kunya idan na tuna shi kuwa Yusef Lateef ne. An haife shi a 1920, ya tashi a Detroit, ya musulunta tun yana saurayi, ya yi suna da saksofon da sarewar turawa tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Ya haye shekara 60 ya bar Amurka ya zo Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello, ya zauna daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a kan sarewar Fulani. Zariya fa! Ka bi ta Ɗan Isa, ka tsallaka Jibiya, ka wuce Katsina, kafin dare kana can. Dattijon da duniya ta sani ya zo ya durƙusa gaban makiyaya yana koyon yadda ake hura kara. Shi da ke da hujjar cewa "namu ne" bai ga cewa jini ya isa ba, sai da ya ba abin shekara huɗu na rayuwarsa. Mu minti tara sun gagare mu. Shi ma kalmar jaz ɗin ba ya sonta, yana ganin raini ne a cikinta, amma wannan wata gardamar ce.

Abin da ya fi ci mani rai, wannan "namu" ɗin ko namu na gaske ba ya amfana. Na tambayi masu karɓar gadon nan tsirkiya nawa ke jikin kuntigin Ɗan Maraya. Aka yi ta kame-kame, wani ya ce uku. Ɗaya ce. Da tsirkiya ɗaya tal mutumin nan ya riƙe ƙasar Hausa shekaru da dama. Malam Maman Barka ya bi biram har gaɓar tafkin Cadi don kada ya ɓace tare da tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ya rasu a 2018, kuma a fadarmu mutum nawa suka taɓa jin faifansa daga farko har ƙarshe? Ashe ba jaz kaɗai muke yi wa haka ba. Mun iya yabon kiɗa, sauraronsa ne ba mu iya ba. Kiɗa a wurinmu tabarma ce, a shimfiɗa a hau a yi hira.

Wani zai ce ni ma ga ni nan ina zuba sunaye da shekaru kamar mai shirin jarrabawar bak. Ya yi gaskiya rabi. Akwai irin waɗannan masoya jaz ɗin, na gamu da su a Yamai: su san ranar da aka ɗauki kowane faifai, su san wa ya kaɗa ganga, su yi ta musu ko Bill Evans ya fi Wynton Kelly, amma ka sa musu kiɗan sai su ci gaba da magana a kansa. Su da shugaban fadarmu jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai su da faransanci suke nasu surutun. Ni sunayen nan na kawo su ne don a san mutane ne suka yi abin, masu uwa da uba, ba "Afirka" ba.

Saurare kuwa ba wani sihiri ba ne. A "So What" zagaye ɗaya ne ake ta maimaitawa, an raba shi kashi huɗu daidai. A kashi na uku kiɗan kan ɗan hau sama da rabin taki, sannan ya sauko. Idan ka kama wannan hawan sau ɗaya, ka samu igiya. Daga nan sai ka ji Miles yana faɗin kaɗan yana barin fili, kamar dattijon da ba ya gaggawar magana. Coltrane ya shigo yana tono kamar mai haƙar rijiya. Cannonball Adderley ya biyo da fara'a, kai ka ce daga biki yake. Zagaye ɗaya, mutum uku, hali uku. Wannan ba ya buƙatar digiri ko kuɗin mega mai yawa. Yana buƙatar ka rufe baki.

Makon jiya na matsa sai da aka yarda a gwada. Sharaɗi biyu: kowa ya kife salularsa, kuma ba magana sai kiɗa ya ƙare. Na sa A Love Supreme na Coltrane, wanda aka ɗauka a zama guda cikin Disamba 1964, minti 33, wato kusan tsawon shayi na farko. Mu tara muka fara. Biyu suka tashi wai za su sayo gawayi, ba su dawo ba. Ɗaya ya yi barci. Wasu biyu suka koma bakin titi. Mu huɗu muka kai ƙarshe, har da shugaban fada, abin da ban zata ba. Da aka gama ya yi shiru, sannan ya ce a mayar masa wurin da kwantarbas ke maimaita sauti huɗun nan a farko. Na mayar. Ya saurara har sau biyu, ya ce: "To ai ka ji, wanga zikiri ne. Na ce maka namu ne."

Ban amsa masa ba, don ya riga ya biya minti 33 ɗinsa. Alhamis mai zuwa bayan isha'i Maman Barka za mu sa, bayansa Lateef. Wanda ke da lasifika mai caji ya taho da ita, tawa ta fara shaƙewa.