Yayana Ma Ɗan Dayasfora Ne

Makon jiya musu ya ɓarke a ɗakin kwananmu har wajen ƙarfe ɗayan dare. Wani abokina da ke shekarar ƙarshe ya ce shi da ya karɓi takardarsa sai japa, ya zama ɗan dayasfora irin masu turo dala daga Landan da Kanada. Na ce masa ai gidanmu ma muna da ɗan dayasfora: yayana, shekara tara ke nan yana dakon tumatir da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas. Ɗakin ya kwashe da dariya. Wani ya ce, "Haba malam, wannan ai ci-rani ne." Dariyar nan ta tsaya min a rai.

Kalmar daga Girkanci ta fito, asalin ma'anarta warwatsawa, kamar yadda manomi ke yafa iri. Da Yahudawan da suka watsu daga ƙasarsu aka fara kiran ta, daga baya aka kira jikokin bayin da aka kwashe daga Afirka da ita, yau kuwa ana nufin duk jama'ar da ke zaune nesa da gida amma ba su yanke zumunci da shi ba. Babu biza a cikin ma'anar, babu jirgin sama.

In haka ne, Bahaushe ya daɗe a cikin harkar. Fataken goro sun bi hanyar Gwanja har Salaga tun kafin Bature ya zo, kuma su suka bar mana zangon Kumasi da na Ankara. Alhassan Dantata, haifaffen Bebeji, a can ya yi kasuwanci kafin ya dawo Kano lokacin da jirgin ƙasa ya buɗe cinikin gyaɗa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun ci gaba da hijira har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, kuma jikokinsu na can har yau. Za ka ce ai su ƙetare iyaka suka yi, Legas kuwa Najeriya ce. A taswira, haka ne. Amma wanda ya tashi daga garinmu ya je Maraɗi ya ƙetare iyaka, ga tuwo ga Hausa, ba mai kallonsa. Wanda ya je Legas bai ƙetare komai ba, amma sunansa ya ɓata ya koma "aboki". To waye baƙo a cikinsu?

Abin da ya fi damuna dai shi ne dalilin tafiyar, don masu dariyar nan gani suke son yawo ne. Ni ɗan wani ƙauye ne tsakanin Dambatta da Makoɗa. Duk wanda ya san yankinmu ya san babu daji. Gona na manne da gona, iyakarsu ɗan layin gamba ne ko bishiyar kuka, kuma ba a barin ƙasa ta huta ko da damina ɗaya. Kakanninmu da taki suka riƙe ta, har mutanen kusa da birni kan kai itace Kano a jaki su dawo da shara su zuba a gona. Gonar kakanmu ta ciyar da gandu guda. Da ya rasu aka raba ta tsakanin 'ya'yansa, kason babanmu bai kai kadada biyu ba, mu kuma maza biyar ne, ban da mata. Ka yi lissafin da kanka. Gero da dawar da muke girbewa ba sa kai mu ƙarshen bazara, damina kuma wata huɗu ce in ta yi kyau. Ana cewa ga dam ɗin Thomas, a yi noman rani. Eh, ga wanda gonarsa ke kusa da ruwa, yake da injin ban ruwa, kuma zai iya sayen fetur tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Sauran fa?

Ban ce kowa yunwa ce ta kore shi ba. Akwai wanda ya ga sa'ansa ya dawo da babur da babbar waya, shi ma ya ɗau jaka. Akwai masu biye wa dillalan hanyar Agadas, ko da yake an ji labarin mutum 92, yawancinsu mata da yara, da ƙishirwa ta kashe a hamadar Nijar a Oktoban 2013 suna hanyar Aljeriya. Kuma zaman wani gari ba shi da tabbas: a 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, mu ma muka yi musu irinta a 1983. Amma mafi yawan mutanenmu, wallahi lissafin gona ne ya fitar da su.

Shi kansa ci-ranin ya canza. Da, mutum kan tafi bayan kaka ya dawo da ruwan farko ya yi shuka. Yayana shekara uku yana yin haka, daga nan ya ga kuɗin mota zuwa da dawowa ya fi abin da zai samu a kasonsa. Yanzu sai Babbar Sallah muke ganinsa. 'Yarsa ta fari ta fi jin Yarbanci a kan Hausar ƙauyenmu. In wannan ba dayasfora ba ce, a faɗa min sunanta.

Gwamnati na da hukuma sukutum ta 'yan Najeriya mazauna waje, an ware musu 25 ga Yuli, ana alfahari da dala wajen biliyan 20 da suke turowa a shekara. Madalla. Amma ba wanda ke ƙirga abin da ke shigowa ƙauyukanmu ta hannun mai POS ranar kasuwa, daga masu ga-ruwa, masu gadi, masu wankin takalmi da 'yan dako. Da shi ake sayen taki, da shi ake kai mara lafiya asibiti. Kuɗin rajistata na bana ma daga nan ya fito, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a makarantar nan, sai dai ba ma son faɗa.

Shekaranjiya Yaya ya kira ni. Yana so Baba ya yanka masa kasonsa tun yanzu ya sayar, ya kama rumfa a kasuwa ya huta da dako, don bayansa ya fara ciwo. Baba ya ce muddin yana numfashi ba za a sayar da ƙasar da ubansa ya nome ba. Kowannensu ya ce in yi wa ɗayan magana, tunda ni ne ɗan boko. Ranar Juma'a zan je gida.